Wa Ya Hana Elesin Mutuwa?

Wasan kwaikwayon Wole Soyinka, Death and the King's Horseman (1975), ya samo tushe daga abin da ya faru a Oyo. Alafin ya rasu, al'ada ta wajabta wa Elesin, mai kula da dokinsa, ya bi shi. Di'o Pilkings ya tsare shi, domin a dokar Turawa laifi ne mutum ya kashe kansa. Ɗalibai kan ce karon al'adu ne, alhali Soyinka ya ƙi wannan fassarar. A lura, Olunde, ɗan Elesin mai karatun likita a Ingila, shi ya mutu a madadin ubansa. Elesin kuwa, amaryar da ya aura a ranar ƙarshe ta riga Bature sanyaya masa gwiwa.