Yumɓu da Biki a Ƙasar Birnin Kudu

Duk baƙon da ya yada zango a Birnin Kudu, in ya tambayi abin da garin ya gada daga mutanen farko, duwatsu za a nuna masa: Dutsen Mesa da Dutsen Habude da Dutsen Murufu, inda magabata suka zana surar shanu marasa tozo a jikin kogo, da kuma duwatsun nan masu amo kamar kuge in an ƙwanƙwasa su, waɗanda Bature Bernard Fagg ya yi nazarinsu a 1955, har ya ruwaito cewa amare kan je ƙarƙashin ɗaya daga cikinsu idan aurensu ya zo. Haƙiƙa sun cancanci ziyara. Sai dai akwai wani gadon da bai gaza su daraja ba, wanda ba a kai baƙo wurinsa, alhali kuwa yana jere a kasuwannin ƙasar, tun daga Birnin Kudu har Sara ta ƙasar Gwaram, wato ginin tukwane.

Sana'a ce mai neman haƙuri, domin magini sai ya haƙo yumɓu a bakin kududdufi ko fadama, ya jiƙa, ya tattake shi da ƙaiƙayi ko dakakken tsingaro don kada ya tsage a wuta, sa'an nan ya kifa tsohuwar tukunya ya shimfiɗa shi a bayanta yana bubbugawa har gindi ya samu, ya ɗaga, ya ƙarasa wuya da baki da hannu, ya shanya, kana ya tara itace da kara da ciyawa ya gasa; kuma duk da haka, in iska ta saɓa ko danshi ya saura, wahalar kwanaki sai ta fashe a dare ɗaya. Ba banza ba Alƙur'ani mai girma, a cikin Suratur Rahman, ya kamanta yumɓun da aka halicci ɗan Adam da shi da gasasshen yumɓun magina.

Abin da ya raya sana'ar kuwa biki ne. A da ba a kai amarya ɗakinta ba tare da randa da tulu da tukunyar tuwo da ta miya da kaskon turare ba; azumi da salla da suna suna jawo cinikin tanda saboda waina; almajiri da malami suna alwala da shantali. Da langa da samira suka mamaye jere, roba kuma ta biyo bayansu da arha, sai biki ya juya wa magini baya, 'ya'yansa da yawa suka kama wasu hanyoyin neman abinci. Ban ga laifin uwar da ta saya wa 'yarta abin da ba ya fashewa ba, amma ina baƙin cikin ilimin hannu da ke bin tsofaffi kabari ba a rubuta shi ba.

Ba ko'ina aka bar magini haka ba, domin a ƙasar Sifen akwai wani tsohon gari a bakin kogin Tajo, Talavera de la Reina, wanda ya shahara da tangaran mai farin shafe da zane, fasahar da asalinta daga Iraƙi ta biyo Musulmin Andalus. Mutanensa sun ƙawata majami'arsu da dandalinsu da aikin maginansu, suna kuma yin bikin Mondas kowace shekara bayan Ista, ta yadda mai ziyara ba ya raba kallon bikin da kallon sana'ar. A 2019 UNESCO ta sa wannan aiki cikin gadon al'adun duniya. Mu kuwa da muke da hawan salla da bukukuwan aure da kasuwanni masu cika, mun bar magini a gefen kasuwa.

Amma dai yumɓu bai gama amfani ba, kuma hujjar daga Jigawa ta fito. Muhammad Bah Abba, sa'ad da yake malami a kwalejin kimiyya da fasaha ta Dutse, kasancewar shi kansa jinin magina ne, ya lura da hikimar da ke sa ruwan randa sanyi, wato tsatsafowar ruwa ta jikin yumɓu da bushewarsa a iska, sai ya sa tukunya cikin tukunya, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da ɗanyen ƙyalle, tumatir da gauta da alayyafo suka riƙa kwanaki ba su lalace ba a ƙauyukan da babu lantarki, aikin da ya jawo masa lambar yabo ta Rolex a 2000. Da hukumomin da ke kula da Dutsen Mesa da masarautar Dutse za su keɓe wa magina rumfa a lokacin salla, su kuma tura ɗalibai su ɗauki bayanin aikin daga bakin masu shi da rani, lokacin da ake gashi, da baƙon Birnin Kudu ya ga gado biyu a ziyara ɗaya.