An Gudu Ba a Tsira Ba: Tawayen Matasa a Finafinan Meka na Japan

A kashi na 4 na shirin Neon Genesis Evangelion, wanda aka fara nunawa a talbijin ɗin Japan a 1995, ba a gwabza yaƙi ko sau ɗaya ba. Tauraron labarin, Shinji Ikari, yaro ɗan shekara 14, ya ɗauki jakarsa ya gudu daga gidan da aka ajiye shi. Ya shiga jirgin ƙasa, ya toshe kunnuwansa da 'yar na'urarsa ta sauraron kaset, ya zauna har fasinjoji suka watse. Ya kwana a gidan silima, ya yi gararamba a bayan gari, daga bisani jami'an hukumar da yake wa aiki suka je suka komo da shi. Abin lura shi ne jirgin da ya hau na zagayen birni ne, layinsa da'ira ce. Duk nisan da ya yi, tashar da ya baro zai sake tararwa. Na daɗe ina ganin cewa wannan hoto ya ishi matarki ya rataya kusan duk abin da zai faɗa game da tawayen matasa a irin waɗannan finafinai.

Meka shi ne sunan da ake kiran wani reshe na anime, wato finafinan zane na Japan, wanda aka gina shi a kan manyan butum-butumi na ƙarfe masu siffar mutum, da ake shiga cikinsu a tuƙa su a fagen fama. Matuƙin kusan kullum yaro ne da bai wuce shekara 17 ba. Fassarar da aka fi yi wa wannan zubi mai sauƙi ce: yaro ya gaji da makaranta da aike da faɗan manya, sai labari ya ba shi jiki mai tsawon bene, ya taka rayuwar yau da kullum ya wuce. Fassarar tana da ƙamshin gaskiya, amma ta tsaya a bakin ƙofa, domin ba ta tambayi wanda ya ƙera ƙarfen ba. A Tetsujin 28-go na Mitsuteru Yokoyama, wanda ya fito a 1956, uban yaron ne ya ƙera shi a matsayin makamin yaƙi. A Mazinger Z na Go Nagai, a 1972, Koji Kabuto gadonsa ya yi daga kakansa. Tun daga tushe ke nan, makamin da yaro zai yi tawaye da shi na gidansu ne, kuma kayan aro ba ya rufe katara. Ina so in nuna cewa mafi nagarta a cikin waɗannan ayyuka sun san da haka, kuma a kan wannan sanin suka gina jigonsu.

Yoshiyuki Tomino ne ya fara ɗaukar lamarin da muhimmanci a Mobile Suit Gundam na 1979. Farkon ganinmu da Amuro Ray, ɗan shekara 15, yana zaune a ɗaki cikin tarkacen na'urori, bai ci abinci ba, bai ma damu da ƙarar gargaɗin da ake yi a waje ba, sai da maƙwabciyarsa Fraw Bow ta zo ta fitar da shi. Bai yi wa kowa rashin kunya ba. Ya dai janye jikinsa daga mutane, kuma wannan ma bijirewa ce, irin ta yaron da uba ya bar wa gida ya tare a wurin aiki. Da yaƙi ya afka wa mazauninsu na sararin samaniya, sai ya tsinci littafin bayanin Gundam, ya shiga ya tuƙa. Wanda ya ƙera Gundam ɗin kuwa shi ne ubansa, Tem Ray.

Abin da ya biyo baya ya fi zaman gida ƙunci. A jirgin yaƙi na White Base akwai lokacin tashi, akwai umarni, akwai horo. Da Amuro ya ƙi fita yaƙi saboda gajiya da tsoro, kwamandan jirgin, Bright Noa, wanda shi ma shekararsa 19 ce kawai, ya zabga masa mari, yaron ya yi ƙorafin cewa ko ubansa bai taɓa dukansa ba. Masu kallo sun mai da wannan fage abin raha, amma ni ina ganin ƙorafin yana ɗauke da tuhuma: uban da bai taɓa dukansa ba, bai kuma taɓa tsayawa ya dube shi ba. Daga baya, da ya ji ana shawarar raba shi da Gundam, sai ya gudu cikin hamada, kuma da Gundam ɗin ya gudu. Ya iya barin jirgi da mutanen cikinsa, bai iya barin ƙarfen ba, domin in babu shi bai san ko shi wane ne ba.

Fage biyu ne a wannan shiri suka fi tsaya mini a rai. Na farko shi ne haɗuwarsa da mahaifiyarsa a doron ƙasa, inda ya harbi sojan abokan gaba a gabanta, ita kuma ta kasa gane ɗan da ta haifa. Na biyu shi ne lokacin da ya tarar da ubansa a wani ɗan ɗaki a saman shagon tarkace, ƙwaƙwalwarsa ta taɓu saboda rashin iskar shaƙa a sarari, yana miƙa masa wani tsohon ƙarfe mara amfani da sunan zai ƙara wa Gundam ƙarfi. Amuro ya karɓa, ya fita, ya yi jifa da shi. A fagagen nan biyu Tomino ya rufe ƙofar komawa. Gidan da yaron ya raina ya rushe tun kafin ya san darajarsa, kuma murnar da aka ba shi a ƙarshen shirin ita ce ta gano cewa har yanzu yana da mutanen da zai koma wurinsu.

Hideaki Anno ya ɗauki wannan zubi ya matse shi har ya yi jini. Shekarar da Evangelion ya fito ita ce ta girgizar ƙasar Kobe a watan Janairu da harin gubar sarin a jiragen ƙarƙashin ƙasa na Tokiyo a watan Maris, bayan tattalin arzikin ƙasar ya riga ya durƙushe tun farkon shekarun 1990. Alkawarin da aka saba yi wa yaro, cewa ya yi karatu ya sami aikin kamfani na har abada, ya fara tsagewa. Ba na son ɗora wa tarihi nauyin da ya fi ƙarfinsa, amma da wuya a kalli Shinji ba a ji iskar wannan lokaci ba. Shi ba ya mafarkin zama jarumi. Ubansa Gendo, wanda ya yasar da shi tun yana ƙarami, ya kira shi ne kawai don yana da amfani. Da ya ƙi shiga ƙarfen, sai aka turo yarinya mai raunuka, Rei, a kan gadon asibiti don ta tuƙa a madadinsa, kunya da tausayi suka sa ya amince.

Alamcin da Anno ya yi amfani da shi ba ya ɓuya. Matuƙi yana zama ne cikin wani bututu da aka cika da ruwa, ƙarfen yana samun wuta ta wata igiya da aka laƙaba wa sunan igiyar cibiya, in ta tsinke kuwa bai fi minti biyar zai yi yana motsi ba. Can gaba sai mu gane cewa ruhin mahaifiyarsa, Yui, yana cikin ƙarfen. Uba na ba da umarni daga sama, uwa ta kewaye shi ta ko'ina. Wane irin tawaye ne yaro zai yi yana kwance a cikin mahaifa? Shi ya sa bijirewar Shinji ta gaskiya take bayyana a lokutan da ya ce ba zai hau ba. Shi ya sa kuma wuraren da yake samun ɗan numfashi su ne mafi ƙanƙanta: girki a gidan Misato, jadawalin shara, zuwa makaranta da abokai biyu. Kashi na 4 da na fara da shi ya ƙare ne a tashar jirgi. Shinji ya ajiye aiki, jirgin da zai tafi da shi ya zo ya wuce bai shiga ba, shi da Misato suka tsaya suna duban juna na tsawon lokaci ba motsi, sannan suka yi gaisuwar da Japanawa suke yi idan ɗan gida ya dawo.

Za a iya cewa Amuro da Shinji ba su nemi fita ba, jawo su aka yi. To, ga wanda ya nema da bakinsa. Renton Thurston na Eureka Seven, shirin 2005, ɗan shekara 14 ne da yake zaune da kakansa Axel, bakanike, a garin Bellforest, kuma ba ya da zance sai na yadda garin ya gundure shi. Burinsa shi ne ya shiga ƙungiyar 'yan tawaye ta Gekkostate, wadda yake ganin hotunanta a mujalla. Ya samu shiga, da taimakon wata na'ura da marigayi ubansa ya bari. Abin da ya tarar shi ne aikace-aikacen wahala, da tsokana, da shugaba mai saurin hannu, Holland, wanda ya fi shi ƙuruciya a hali. A kashi na 20 ya ragargaza wani ƙarfen abokan gaba cikin fushi, sai ya ga guntulallen hannun mutum da zoben aure a yatsa. A nan ne ya san cewa akwai mutane a cikin abin da yake farfasawa, kuma kowannensu yana da irin rayuwar da shi ya kira abin gundura. Ya sake gudu, wasu ma'aurata, Charles da Ray, suka karɓe shi, kuma abin da ya fi faranta masa rai a wurinsu shi ne zama a ci abinci tare.

Na fara kallon wannan shiri ina kusan sa'an Renton, ina kuma bayansa ɗari bisa ɗari. Da na sake kallonsa bayan shekaru, sai na tarar idona yana kan tsohon, wanda ya yi ta faɗa, sannan ya miƙa wa jikansa abin da ya san zai raba su. Ban ce ƙuruciyata ta yi kuskure ba. Shirin ne yake da ɗaki biyu, kuma sai da shekaru ake samun mabuɗin na biyu.

Akwai aikin da yake neman ƙaryata ni, wato Gurren Lagann na 2007. A can rayuwar yau da kullum rami ce a zahiri, ƙauye ne a ƙarƙashin ƙasa, kuma Kamina da ya ce a fasa rufi a fita shi ne mai gaskiya. Na yarda da wannan, domin akwai zaman da barinsa wajibi ne. Sai dai Kamina ya mutu a kashi na 8, wanda ya ɗauki labarin kuwa shi ne Simon, mai haƙa rami, kuma makaminsa har ƙarshe shi ne abin haƙar da yake sana'a da shi. Bayan shekara bakwai 'yan tawayen sun zama gwamnati, takardu sun binne su. Da komai ya lafa, Simon ya ajiye mulki ya koma matafiyin da ba a san shi ba.

Duk da haka ba zan wanke waɗannan ayyuka tas ba. Gundam na farko kamfanin kayan wasan yara ne ya ɗauki nauyinsa, aka kuma datse shi zuwa kashi 43 saboda kasuwa ba ta yi ba. Abin da ya taimaka wajen farfaɗo da shi har da ƙananan samfuran roba da Bandai ya fara sayarwa a 1980. Labari yana cewa ƙarfen nan kurkuku ne, zane kuwa yana lallashinsa da haske da kiɗa har yaro ya so mallakarsa. Mai kallo ɗan shekara 14 ba hannun da ke da zobe zai fara tunawa ba, tashin ƙarfen zai tuna, kuma ba laifinsa ba ne. Akwai kuma wani gurbin da ya fi damuna. Rayuwar da yaron yake rainawa sannan ya dawo yana nema, yawanci mace ce take riƙe da ita. Fraw Bow ce mai kawo abinci da kula da marayu uku a White Base. Yaro yana da 'yancin gudu saboda akwai wadda ba a ba ta wannan 'yanci ba, kuma da wuya labarin ya tambaye ta ko ita ma ta gaji. Evangelion ya ɗan karkata daga wannan, tun da Shinji ne mai girki, Misato kuwa ba ta iya ba, amma ko a nan ita ce mai jira a tasha.

Anno bai bar labarinsa ba sai a 2021, lokacin da ya fitar da fim na ƙarshe a jerin sabunta Evangelion. Wani babban yanki na farkon fim ɗin a ƙauye yake, inda waɗanda suka tsira daga halaka suke zaune. Abokan Shinji na makaranta sun girma, ɗaya ya zama likitan ƙauyen yana da mata da jaririya. Yarinyar da ke da kamannin Rei tana koyon dashen shinkafa a wurin matan ƙauye, tana tambayar ma'anar gaisuwar safe da ta bankwana. Shinji ya yi kwanaki ba ya magana, kuma abin da ya tashe shi shi ne abincin da ake ta ajiye masa da kamun kifi a bakin ruwa. Daga nan ne ya iya zuwa ya yi magana da ubansa. Fagen ƙarshe tashar jirgi ce kuma, ta Ube-Shinkawa, a garin da aka haifi Anno. Shinji ya zama babban mutum cikin kwat irin na ma'aikata, ya haura matakala a guje ya fita daga tashar, sai zane ya koma hoton garin na gaske, da rufin gidaje da tituna da masana'antu.