Me Ya Sa Aku Bai Tsufa Ba? Tsokaci a kan Littattafan Ƙuruciya

Duk wanda ya tambayi magidancin da ya yi firamare a Arewa, daga Kano har zuwa Kwandare ta ƙasar Lafiya, littafin da ya fi zama a ransa, da wuya amsar ta wuce Magana Jari Ce ko Ruwan Bagaja ko Iliya Ɗan Maiƙarfi. Manufar wannan maƙala ita ce gano dalilin wannan ƙauna, domin amsar ta shafi duk mai niyyar yi wa yara rubutu a yau.

Abu na farko shi ne, littattafan nan ba su taso daga kasuwa ba. Gasar da Hukumar Talifi ta shirya a Zariya a 1933, a ƙarƙashin Dokta R. M. East, ita ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito a 1934. Magana Jari Ce kuwa an buga shi littafi uku tsakanin 1937 da 1939 don karatun makaranta. To, littafin makaranta yakan mutu ranar da aka gama jarrabawa. Waɗannan kuwa sun bi masu karatunsu har furfura.

Wasu manazarta sun danganta wannan da jigon gargaɗi da tarbiyya. Wannan hujja ba ta gamsar ba. An sha rubuta littattafan nasiha bayan Imam, aka manta da su. Abin da ya maƙale a zukata shi ne taurari da barkwancinsu: yadda Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman suke ta ramuwar ƙeta daga gari zuwa gari, da yadda Kalalatu ta cinye kajin baƙo ta bar Kalala yana bin sa da wuƙa yana roƙon kaza, baƙon kuwa yana gudun ransa. Yaro yakan yi dariya tukuna, darasin ya same shi daga baya.

Abu na biyu shi ne zubi da tsari. A littafi na ɗaya, Aku yana ba Musa labari ne don ya hana shi fita daga fada, domin Waziri ya shirya masa makirci. Saboda haka kowane labari yana ɗauke da nauyin rai guda. In Aku ya gaza, Musa ya halaka. Wannan dabara, wadda ta yi kama da ta Dare Dubu da Ɗaya, ita ke sa yaro ya buɗe shafi na gaba. A nan ne take ya dace da littafi, don magana ce ta ɗaukaka tsuntsu har ya zama waziri.

Abu na uku shi ne harshe. Sanannen abu ne cewa Imam ya aro labarai da dama daga Larabci da Indiya da Turai. Labarin Kalala ma yana da tushe a tatsuniyoyin Jamus na Grimm. Haka Iliya na Ahmadu Ingawa jarumin almarar Rasha ne. Amma aron ya narke cikin karin magana da kirari da zancen fada, har mai karatu bai ji baƙunta ba. A ƙasar Lafiya, inda Hausa ke zaune tare da Alago da Eggon da Gwandara, irin waɗannan littattafai ne suka gabatar wa yara da yawa daidaitacciyar Hausa cikin nishaɗi.

Duk da haka, ƙauna ba ta hana a faɗi aibi. Mata a labarai da yawa sun fito ne a matsayin masu makirci ko kwaɗayi, baƙauye kuma abin dariya. Yarinyar da ta karanta su ba ta cika samun tauraruwar da za ta yi koyi da ita ba. Wajibi ne malami ya tattauna wannan da ɗalibansa, maimakon ya rufe ido don girman marubucin.

A ƙarshe, Imam ya rasu a 1981, amma har yanzu nasa ake ambata in ana zancen karatun yara. Wannan yabo ne gare shi, kuma tuhuma ce a kanmu. Adabin kasuwar Kano ya wadatar da matasa da labaran soyayya, ɗan shekara tara kuwa an bar shi da littafin kakansa. Ɗaliban da ke rubutu a wannan mujalla su lura da abin da ya rayar da Aku: tauraro mai rai, da labari mai hatsari a cikinsa, da Hausa mai daɗin faɗa. Wanda ya haɗa ukun nan, yara za su riƙe shi, ko bai yi musu wa'azi ba.