Ƙara da Shiru a cikin Faifan Trent Reznor

A watan Maris na 1994 Trent Reznor, Ba'amurke, shugaban makaɗan da a ke kira Nine Inch Nails, ya fid da faifai mai waƙoƙi 14, sunansa The Downward Spiral, watau gangarawa ƙasa a murɗe. Irin wannan kiɗa ana jingina shi ga masana'antu, gama amonsa ya yi kama da na injin niƙa da maƙera an gama su a ɗaki guda.

Wanda ya ji shi ran farko ya kan ce hayaniya ce kurum. Amma fa hayaniyar ita ce labarin. Mutum ɗaya a ke bi tun daga waƙar fari har ta ƙarshe, yana yar da addininsa, da mutanensa, da mutuncinsa, ɗaya bayan ɗaya, har ya kai bakin halaka kansa. Duk sa'ad da ya ƙara nitsewa sai ƙarar na'ura ta ƙara danne muryarsa, har a cikin "The Becoming" da ƙyar a ke rarrabe kukan mutum da na ƙarfe. Sa'an nan kwaram sai "A Warm Place" ta zo, ba baiti ko ɗaya, sai amo mai sanyi. Lalle wannan lafawa ta fi dukan ihun ban tsoro.

Faifan bai rasa aibi ba. "Big Man with a Gun" batsa ce wadda ba ta ƙara wa labarin kome ba. Ɗaukar kiɗan kuwa a gidan Los Angeles inda aka kashe Sharon Tate a 1969 wauta ce ta ƙuruciya. Shi kansa Reznor ya ga haka bayan da ya gamu da 'yar'uwar marigayiyar.

Makaɗa da yawa sun kwaikwayi ƙarar, kaɗan ne suka gane abin da ke ƙarƙashinta. Johnny Cash, tsoho mai shekara 70, ya gane. A 2002 ya ɗauki "Hurt", waƙar ƙarshe, ya tuɓe mata na'urori, ya rera ta da jita da fiyano da murya mai rawa, sai kukan saurayi mai shan ƙwaya ya koma nadamar dattijo. Reznor ya ga fim ɗin waƙar, ya ce ta fita hannunsa. Cash ya rasu a watan Satumba na 2003.