Aku, ɗari da kwanon ɗumame: sake karanta Magana Jari Ce

Kalmar “ɗari” biyu gare mu, rubutu kuwa bai raba su ba. Akwai ɗarin ƙidaya, mai gajeren wasali a gaɓar farko, murya ta faro daga ƙasa ta hau. Akwai kuma ɗarin da ke tsaga leɓe ya fasa kaushi, wanda ake jan wasalinsa, murya na sama daga farko har ƙarshe. Na biyun nan ne ya tsare ni gida a Maradi duk tsawon hutun ƙarshen Disamba. Abokai na kira, “Fito fada mana!” Ni kuwa in na leƙa waje na ga hazo ya rufe gari, iska na kaɗa ƙura, sai in ja bargo. Cikin wannan zaman ne na buɗe adakar Baba na ciro Magana Jari Ce, littafi na ɗaya, bugun Zariya, bangonsa ya sha ɗinki da zare. Rabona da shi tun ina yaro.

Ƴan'uwa ɗalibai, kun san yadda gida yake a wannan lokaci. Kaka ba ta daɗe da wucewa ba, hatsi bai yi tsada ba tukuna. Da asuba ana ɗora ɗumamen tuwon jiya, miyar kuka ta kwana ta ƙara kama jikinta, a ɗiga man shanu, a barbaɗa yaji. Da hantsi kunun tsamiya, ko koko da ƙosai. Da dare a kai wa tsohuwa kaskon wuta ɗakinta, yara su kewaye shi, a binne dankali cikin toka. In kuran ya ɗauke, waya ta mutu, babu abin da ya rage sai baki da kunne. A irin daren nan na soma karanta musu littafin da ƙarfi, da hasken tocila. Abin da na gani cikin dararen nan shi nake son mu duba tare.

Abubakar Imam, haifaffen Kagara a 1911, ya rubuta Magana Jari Ce a Zariya a 1936, ƙarƙashin hukumar talifi da Rupert East ke shugabanta, aka buga shi kashi uku daga 1937. Kafin nan ya riga ya yi suna da Ruwan Bagaja, bayan nan kuma ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Don makarantu aka nemi littafin. East ya tara masa littattafan hikayoyi na Larabawa da Indiya da Turai, shi kuwa ya tsince, ya sāke musu riga da suna da gari. Wannan duk mun ji shi a aji. Abin da ba a cika faɗa mana ba shi ne, littafi na ɗaya, daga farkonsa har ƙarshensa, labarin hana mutum fita waje ne.

Ku tuna zubinsa. Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi da Sarkin Sinari, ya tafi da jikansa Mahmudu, ya bar ɗansa Musa a gida da bayi masu tsaronsa. Waziri, mai kwaɗayin sarauta, ya ƙulla makirci don a yaudari Musa ya fito a halaka shi. Kullum dare Musa sai ya yi ɗamara ya zo sallama da aku. Aku ba ya cewa kar ka tafi. Sai ya yaba masa, ya sa masa albarka, sa'an nan ya jefo wata magana mai ƙugiya. Musa ya tambaya, labari ya ɓalle, kafin a ƙare gari ya waye. Gobe ma haka.

Wurin da na fi tsayawa a wannan karon shi ne na macen aku. Ita aka fara tambaya, ta faɗi gaskiya tsirararta, ta hana, Musa ya fusata ya kashe ta. Namijin ya ga abin da ya faru, ya canza dabara. Nufinsu ɗaya, gaskiyarsu ɗaya, amma ɗaya ta mutu, ɗaya ya ƙare da rawanin waziri. Duk jigon littafin yana cikin wannan ɗan wuri, kuma ga mai nazarin harshe darasi ne babba: abin da magana ke aikatawa daban yake da abin da take faɗa. A baki aku izini yake bayarwa, a aikace ƙofa yake kullewa. Wallahi na sha karanta bayanin wannan bambanci cikin Faransanci ban kama shi sosai ba, sai da na ji shi daga bakin tsuntsu.

Wannan firam ɗin ba Imam ya ƙago shi ba. Akwai tsohon littafin Indiya na hikayoyin aku saba'in, wanda Farisawa suka juya suka kira Tutinama. A can, matar wani attajiri aku ke tsarewa da labari don kar ta fita wurin kwartonta. Imam ya cire matar ya sa ɗan sarki, ya cire kwarto ya sa fagen fama. Wasu na kiran haka kwaikwayo, suna rage masa maki. Ni ban bi su ba. Canjin nan ya juya ma'anar labarin gaba ɗaya: a can sha'awa ake dannewa, a nan kuwa zafin ƙuruciya ne, irin na saurayin da ke ganin zama gida ragonci ne. Wane ne cikinmu bai san wannan zafin ba? Mu nawa ne ke da wa ko aboki da ya yi ɗamara da dare ya nufi Agadas, ko Libiya, ko Aljeriya, aka rasa mai ba shi labarin da zai kai shi safiya?

Sai batun salo. Gwajin da na yi mai sauƙi ne: na karanta da ƙarfi, na lura da inda yara ke motsi da inda suke tsit. Hausar Imam ta kunne ce. Jimlolinsa na tafiya da “sai” da “ya” da “ya”, aiki na bin aiki, ba ya tsayawa dogon siffantawa. Yana sa karin magana a kan labari kamar murfi, ya bar ka ka buɗe ka ga abin da ke ciki. Mutanensa na zagi da rantsuwa da ba'a yadda ake yi a kasuwa. Ban taɓa yin tuntuɓe da numfashi ba. Inda ya sa waƙafi, nan ne daidai mutum ke son shaƙar iska. Ku gwada haka da yawancin abin da muke rubutawa a ƙasidunmu, har da wannan tawa, ku ji yadda harshe ke sarƙewa cikin jimlar da aka gina da tubalin Faransanci.

Wani dare na tsallaka gaba na nemo musu labarin Kalala da Kalalatu, matar da aka ba ta kaji ta soya wa baƙo, ta yi ta ɗanɗano har ta cinye, sa'an nan ta haɗa mijin da baƙon gudu: ta ce wa baƙo wuƙar da ake wasawa tasa ce, ta ce wa miji baƙo ya tsere da kaji. Asalinsa tatsuniyar Jamus ce. Amma kakata, wadda ba ta taɓa shiga lakwal ba, ta yi dariya har da tari, ta ce, “Wanga ɗiya na san ta! Irinta munka yi zama da ita Tibiri.” In tsohuwa ta rantse ta san mutumin da aka ɗauko daga Jamus, to marubuci ya gama aikinsa.

Yanzu bari in zo inda littafin ya dame ni, don yabo kaɗai ba nazari ba ne.

Ina tsakiyar karatu wani dare, ƙanwata ta shigo da kwanon kunun gyaɗa, hannunta ya yi fari fat don ruwan sanyi. Ta ajiye, ta juya. Na ce, “Zauna mana ki ji ƙarshen.” Ta ce, “Yaya, wa za ya wanke tukwane? Kai dai karanta, ina jiyowa daga nan.” Ita ma ɗaliba ce, tana da jarrabawa a gabanta. Nan take na ga kaina: ni ne Musa. Ɗumin da nake yabo, wani ne ya tashi da asuba ya hura shi. Na koma cikin littafin da wannan ido, sai na tarar da abu guda. Bayin da ke tsaron Musa suna nan kowane dare, amma kamar katanga suke, ba don su ake labarin ba. Mata kuwa, in ka ɗebe kaɗan, ko masu makirci ne, ko masu kwaɗayi, ko kyautar da ake ba jarumi. Tsohuwa ce ƴar aiken waziri. Macen aku ta faɗi gaskiya, an kashe ta, labari ya wuce ko waiwaye babu. Mun yi wa Kalalatu dariya, amma ba wanda ya tambaya ko an taɓa ajiye mata cinya ɗaya cikin kajin da take soyawa.

Abu na biyu, hikimar aku hikimar bafade ce. Duk fasaharsa don tsare gadon sarauta take, ladansa kuma muƙami. Littafin na koya maka yadda za ka yi magana da mai iko ka tsira da wuyanka, kuma wannan ilimi ne mai amfani, ba na musu. Sai dai bai cika tambayar ko mai ikon ya cancanta ba. Sarki nagari ne, mugu shi ne wanda ya so kawar da shi. In mun tuna cewa an shirya littafin don makarantun mulkin mallaka, a ƙasar da Turawa ke mulki ta hannun sarakuna, ba za mu yi mamaki ba. Ba ina cewa Imam ɗan koren kowa ba ne. Ba'ar da yake yi wa alƙalai da fadawa da malaman tsibbu tana da kaifi. Amma ba'ar tana tsayawa a zaure, ba ta shiga turaka.

Kuma yayin da Musa ke shan labari, wasu na can suna mutuwa a fagen fama. Mu ma muna cikin karatu muke jin muryar almajirai a ƙofar gida, cikin daren da sanyi ke sauka ƙasa da digiri 15, da riga ɗaya. Inna kan ce a miƙa musu sauran tuwo. Ban ce mu bar jin daɗin ɗaki don haka ba. Na ce dai littafin da ya iya sa ka manta da waje, a riƙa karanta shi da kunne ɗaya a ƙofa.

Saura magana ɗaya, wadda ta shafe mu mu na wannan gefen iyaka. Da nake karantawa, sai na kama bakina yana gyara rubutun ba da sanina ba. Inda aka rubuta “suka tafi”, in ji na ce “sunka tahi”. Inda aka sa “faɗa”, in ce “hwaɗa”. Yara ba su lura ba, don haka suke magana. Daidaitacciyar Hausar da Imam ya taimaka aka kafa, wadda aka gina bisa karin Kano, taska ce ta mu duka. Amma Gobiranci da Adaranci da Arewanci da Damagaranci fa? A 2025 an ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar. Madalla. To, in yaro a Tawa ko Madawa ko Mirya ya ja bargo ya ce a ba shi littafin hira mai daɗi wanda mutanen ciki ke magana irin ta kakarsa, guda nawa za mu iya miƙa masa? Littafin da ya haura shekara 80 shi ke riƙe mana dare har yanzu. Abin alfahari ne ga Imam. Gare mu kuwa, mu da muke kiran kanmu marubuta, abin jin nauyi ne.

Hukuncina ke nan: Magana Jari Ce na nan da ransa, kuma ɗari ne lokacinsa, don an gina shi dare bisa dare, kowane labari daidai tsawon shan kwanon kunu kafin ya huce. Ku neme shi, ko aro ne, ko fotokopi. Kar ku karanta shi shiru kamar takardar jarrabawa. Ku buɗe baki, ku bar harshenku na gida ya shiga ciki. Ku yi gardama da aku in ya ƙare. In kuma akwai mai wanke tukwane a waje, a ajiye littafin tukuna a je a kama mata. Ni dai daren da na yi haka, ruwan ya kusa tsinke mini yatsu, amma ƙanwata ce ta karanta mana labari na gaba, kuma ta fi ni iya muryar aku nesa ba kusa ba.