Kama da Wane Ba Ta Wane: Sharhi a Kan Gidan Abincin Meksiko a Ƙasar Waje

A damanar 2018 muka je horon malaman Faransanci a wani birni na gabashin Faransa. Wata rana da dare abokan karatu suka gayyace ni wani gidan abinci da aka rubuta wa sunan Meksiko a ƙofa. An rarrataye manyan malafuna a bango, kiɗa kuma yana tashi. Aka kawo mana nachos, wato soyayyun gutsattsarin gurasar masara da narkakken cuku a bisa, sannan fajitas, gasasshen nama da tattasai a naɗe cikin gurasar alkama, sai chili con carne, dafaffen niƙaƙƙen nama da barkono da wake. A cikinmu akwai wata malama ƴar jihar Oaxaca ta kudancin Meksiko. Ta ci kaɗan, ta juyo ta ce da ni: "Malam, abincin da daɗi, amma uwata ba za ta gane shi ba."

Tarihi yana bayan malamar. Chili con carne a San Antonio ta jihar Texas ya yi suna. Fajitas abincin makiyayan kudancin Texas ne. Nachos kuwa Ignacio Anaya ne ya ƙago shi a farkon shekarun 1940, a garin Piedras Negras na bakin iyaka, domin baƙi Amurkawa. Ke nan galibin abin da aka ɗora mana a tebur girkin iyaka ne, wanda ake kira Tex-Mex, kuma tun 1972 marubuciya Diana Kennedy ta bambanta shi da girkin cikin ƙasa a littafinta The Cuisines of Mexico.

Adalci ya wajaba a nan. Girkin iyaka ba jabu ba ne. Texas tana cikin Meksiko har zuwa 1836, kuma zuriyar mutanen da iyaka ta ratsa ta kansu suna da haƙƙin nasu girki. Gurasar alkama ma abincin gida ce a jihar Sonora ta arewa. Laifin gidan abincin shi ne ya ɗauki lungu guda ya sa masa sunan ƙasa baki ɗaya, sannan ya rufe giɓin da malafuna.

To, mene ne aka bari a baya? Masara, da ilimin sarrafa ta. A kudancin Meksiko aka fara noman masara, kimanin shekaru 9,000 da suka shige, kuma har yanzu manoma suna haɗa ta da wake da kabewa a gona guda da suke kira milpa. Kafin a niƙa ta, sai a dafa ta cikin ruwan toka ko na ƙonannen farin dutse, a bar ta ta kwana, a wanke. Wannan aiki shi ke sa ƙullu ya yi danƙo ya ba da ƙamshi, shi ne kuma ke sakin bitamin B3 da ke ƙulle cikin ƙwayar har jiki ya amfana da shi. Da Turawa suka kwashi masara zuwa ƙasashensu, iri suka ɗauka, ba su ɗauki dabara ba. Sakamakon haka cutar pelagra, mai tsattsage fata da kawo zawo da taɓin hankali, ta addabi talakawan Spain da arewacin Italiya, daga baya na kudancin Amurka. Likita Gaspar Casal ne ya fara bayyana ta a 1735. Ashe raba abinci da iliminsa ba ƙaramin abu ba ne, har rayuka ya ci.

Wannan ilimi ne UNESCO ta duba a 2010, lokacin da ta sa girkin gargajiya na Meksiko cikin jerin gadon al'adun ɗan Adam, a zama guda da tsarin cin abincin Faransawa. Da matan jihar Michoacán masu girki aka kafa misali, tun daga gona har zuwa murhu. A daren nan kuwa ba mu ga mole ba, miyar nan ta Puebla da Oaxaca da kan haɗa kayan haɗi fiye da ashirin, ba mu ga tamal ba, ƙullun masara da ake turarawa cikin ganye kamar alale.

Zancen ya shafe mu, domin masarar tuwonmu da barkonon yajinmu daga waccan nahiya suka taso kafin su iso kasuwannin Maraɗi da Damagaram. Ya kuma shafi ƙungiyoyinmu masu nuna al'ada ga baƙi: malafa da kiɗa suna da sauƙin ɗauka, ilimin da ke hannun mata a madafi shi ne mai wuyar kai wa gaba, shi ne kuma ke fara ɓata.

Ban hana mai karatu shiga irin wannan gida ba, zai ci ya ƙoshi. Amma ya tambayi mai hidima da me aka yi gurasar, kuma yaya aka dafa masarar. Ni na tambaya a daren. Saurayin ya shiga ciki, ya dawo ya ce a leda ake kawo musu ita.