Tarihin Kano da Sawun Fatake

Littafin nan Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, na biyu, wanda aka buga a 1933, a cikinsa a ke samun Tarihin Kano da Hausa. Asalinsa da Larabci aka rubuta shi. Palmer ya juya shi da Turanci a 1908, shi ne kuma ya ƙiyasta shekarun sarautar kowane sarki. Yawancin yara idan sun ɗauke shi, sunayen sarakuna da yaƙe-yaƙe su ke haddacewa don jarrabawa. Ni kuwa a ganina, mafi amfanin abin da ke ciki shi ne 'yan layukan da ya yi a kan baƙi da fatake, waɗanda ido kan tsallake.

Ku duba da kyau. A zamanin Yaji, 1349 zuwa 1385, ya ce Wangarawa suka zo daga Mali da addinin Musulunci, shugabansu Abdurrahman Zaite. A zamanin Abdullahi Burja, 1438 zuwa 1452, aka buɗe hanya daga Barno har Gwanja. A zamanin Yakubu, 1452 zuwa 1463, Fulani suka kawo littattafan tauhidi, Azbinawa suka zo Gobir, gishiri ya yawaita. Sa'an nan Shaihu Magili ya sauka Kano a zamanin Rumfa. Ashe hanyar da gishiri da goro suka biyo, ita littafi ya biyo. A nan marubucin ya cancanci yabo, gama ya jera malami da raƙumi a shafi guda, yadda su ke tafiya a ayari guda.

Amma littafin yana da aibu uku. Na farko, ya mai da zuwan addini kamar aikin rana ɗaya da sarki ɗaya. Akwai wani littafin Larabci, Asalin Wangarawa, wanda ya ce a zamanin Rumfa Abdurrahman ya iso, watau bambancin kusan shekara ɗari. Lalle abin da ya fi kama hankali shi ne, an daɗe ana salla a zangon baƙi kafin a yi ta a fada.

Na biyu, ya ba yamma rabo mai yawa, ya rage wa gabas. Masana harshe sun nuna kalmar kasuwa da kalmar rubutu daga bakin Barebari muka are su. Harshe kuwa shaida ne wanda ba ya neman tukuicin sarki.

Na uku, wanda ya fi taɓa mu a Moriki: idan ya ambaci Zamfarawa, da yaƙi ya kan ambace su, kamar wanda suka kai wa Kano a zamanin Sharefa. Bai gaya muku cewa ƙasar nan hanya ce ba. Clapperton ya bi ta Zurmi a 1824. Barth ya bi ta Zurmi da Badarawa a 1853. Ba su suka sare dajin ba, sawun fatake suka taka. A da, ayarin goro na Kano ya kan ratsa Zamfara, ya haye Kwara, ya bi Nikki da Yandi har Salaga, madugu na shugabanci, jagaba na gaba, malami na riƙe da lissafi da limanci. Alhaji Umaru, ɗan fatake haifaffen Kano, ta wannan hanya ya tafi, ya zauna Salaga, ya koyar da almajirai a Karachi ta ƙasar Gana har ya rasu a 1934. Jirgin ƙasa da ya iso Ƙaura Namoda a 1929 ya tarad da ciniki ya riga shi da ɗaruruwan shekaru.

To, samari, ku karanta littafin nan, ya isa a karanta. Amma ku tuna idon marubucinsa a fada ya ke, ba a zango ba. Kowane shafi ku tambayi kanku: wa ya kawo abin nan, ta wace hanya, me ya koma da shi? Sa'an nan ku je wurin tsofaffin Moriki da Shinkafi, ku tambaye su inda ayari ke sauka a da, ku rubuta tun suna da rai. Wanda ya raina mai jaki bai san yadda allo ya zo gidansu ba. Allah ya ƙara mana fahimta, amin.

Wani Malamin Makaranta, Moriki